Tayar Hagu Ta Fi Girma

Ni mutum ce mai riƙo. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya karanta ya ce na ɓoye halina. Inna takan ce tun ina goye, in aka ƙwace mini abu ba na kuka, sai in zuba wa mutum ido har ya tsargu ya mayar. Da wannan halin na shiga lise, wato babbar sakandare, da shi kuma na shiga kulob ɗin haɗa robo, wato mutum-mutumin inji, da malaminmu na fizik, wanda muke kira Mushe, ya buɗe, shekara guda bayan an rufe ramin haƙar uraniyom na Akokan.

Da farko mun kai mu ashirin, amma da aka ga aikin ba danna waya ba ne, 'yan ɗoki suka watse, muka rage mu uku. Akwai ƙawata, wata Buzuwa siririya da ba ta cika magana ba, amma in ta zauna gaban odinatar Mushe, wato kwamfutarsa, sai a kira sallah ba ta ji ba. Akwai wani yaro da kowa ke kira ɗan Shef, don babansa ne shef, wato shugaban atilye, wurin gyaran injuna, kafin a rufe ramin, da aka rufe kuma ya buɗe garejin kansa a Arlit, har da injin tur, wanda ke juya ƙarfe yana feƙe shi. Sai ni. Babana a ƙarƙashin ƙasa ya yi shekarunsa, cikin ramin kansa, da aka sallame su ya kafa rumfar faci kusa da inda motocin Tchibarakaten ke lodi. A garinmu ba sai an tambayi ɗan wane ne kai ba. Unguwar da kar, wato bas ɗin ma'aikata, yake sauke ubanka ta riga ta faɗa.

Akwai gasar robo da za a yi tsakanin makarantun Arlit da na Akokan, a gidan matasa. Kowane robo zai ɗauki gwangwanin tumatir cike da tsakuwa, ya bi wani katako mai tsawon mita uku da aka ɗora kan bulo, faɗinsa bai wuce taƙi biyu ba, in ya kai ƙarshe ya juye tsakuwar cikin kwali. In ya karkace ya faɗo, a ba shi minti biyar na gyara, ya sake gwadawa sau ɗaya. Waɗanda suka ci za a kai su Yamai, mako biyu ana koya musu aikin odinata. Sai dai mutum biyu kacal kowace makaranta za ta tsayar a gaban katakon, su biyun ne kuma za su yi tafiyar. Ƙawata ba a ma maganarta, ita kaɗai ta iya rubuta wa robon umarni. Gurbi ɗaya ya rage, ni da ɗan Shef muna kallonsa.

Mushe ya raba aiki. Ɗan Shef ya yi caraf ya ɗauki hannun da ke juye gwangwani, don shi ne abin da ido ke gani. Ni kuwa Mushe ya juyo ya ce, "Ke, ki nemo mana tayoyi." Yadda ya faɗa, sai ka ce gishiri ya aike ni saye. A lokacin robon a kan murafen gwangwanin madara yake tafiya, yana rawa, yana janyewa hagu, kowa kuma ya ɗora laifin a kan murafen. Na ce to. Na cusa gindin robon, wato katakon da injuna biyu ke maƙale a jiki, cikin jakar lakwal, wato makaranta, na tafi da shi gida.

Kwana uku na yi ina yawon taya. Na ciro na motar wasan ƙanin maƙwabciyarmu, sai da ya yi kuka aka ba shi alewa, ashe robar busasshiya ce, tana juyawa a wuri ɗaya ba ta kama ƙasa. Na roƙo kwarkwaron zare wurin tela, ya yi ƙanƙanta, robon ya riƙa jan ciki. Tayar gaba kaɗai na samu cikin sauƙi, wadda ba ta da inji, aikinta ta riƙe hancin robon ta bi duk inda aka tura ta. A jikin wani fasasshen akwatin tafiya na ɓalle ta, cikin tarkacen da masu komawa Maradi da Damagaram suka bari a bayan gidajensu. Tarkacen nan ya yi yawa a unguwarmu a shekarar.

Baba yana kallona, sai ran na huɗu ya jefo mini wani tsohon silifa mai kauri ya ce, "Duba wannan." Na zana da'ira da bakin kofi, na yanka da wuƙar da na gasa a wuta, na haɗa biyu-biyu da sholishon facinsa, na goge gefen a jikin siminti har yatsuna suka yi ja. Sannan na yanko robar cikin tayar moto, wato babur, na naɗe kowace da ita. Da na murza ɗaya a tafin hannuna na ji tana kama fata, na san na samu.

Saura ɗaurawa. Ƙarfen da ke fitowa daga injin siriri ne kamar tsinken tsire, ga santsi, duk yadda na cusa tayar sai injin ya juya ita ta tsaya. Baba ya fasa domino, ɗan abin nan da masu gyaran kuran, wato lantarki, ke haɗa waya da waya da shi, ya ciro ɗan tagullan ciki mai rami da bis biyu, ƙusoshin nan masu murɗi. Na dasa shi a tsakiyar tayar, na goge gefe ɗaya na ƙarfen injin don bis ya samu wurin cizo, na ɗaure da turnabis. Daram! Kuma in ana son cirewa, minti ɗaya ya isa.

Na ɗauka zan gwada a tsakar gida. Baba ya ce, "A nan? Ƙasar da kaji suka tona?" Ya tashi ya zare ƙusoshin ƙofar ɗakinmu, ya ciro ƙofar ɗungurungum ya kwantar a tsakar gida.

Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu. "La ilaha illallahu! Malam, ƙofar ɗakin nawa? Akuyar maƙwabta ta shiga ta ci mini gado?"

"Kafin magariba za a mayar."

"Kai da 'yarka wata rana sai kun kwance rufin gidan nan."

Ya ɗora faranti cike da ruwa a kan ƙofar, ya riƙa cusa tsakuwa a ƙarƙashinta nan da can, har ruwan ya tsaya daidai da bakin farantin ta ko'ina. Ya ce, "Kafin ki zargi abin da ke tafiya, ki fara sanin abin da yake tafiya a kai." Daga ranar bai sake buga ƙusoshin sosai ba, ya bar su sako-sako don mu riƙa zarewa da hannu kullum bayan la'asar.

Na saki robon. Ya janye hagu. Raina ya ɓaci, na ce wuƙata ce ta cuce ni. Na musanya tayoyin, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. Ya sake janyewa hagu, a daidai wurin. Baba ya ɗaga shi ya kara a kunne, ya saurari injin dama, ya saurari na hagu, idonsa a rufe. Haka yake yi da komai. A rami, in ji shi, kafin a fara aiki sai an bi rufin da sandar ƙarfe ana ƙwanƙwasawa, dutse mai lafiya ƙararsa daban, wanda ya saki kuma ƙarar fasasshiyar ƙwarya yake yi, duk wanda ya fara ji kuwa ihu zai yi don kowa ya kauce. Ya buɗe ido ya ce, "Ba taya ba ce. Injin hagu rago ne."

To ba mu da wani injin. Daga cikin mushen wasu na'urori Mushe ya ciro waɗannan biyun, ɗan allon lantarkin robon da ƙawata ke ba umarni kuma kunnawa da kashewa kawai ya sani, bai san a rage wa ɗaya gudu ba. Na zauna a ƙasa ina kallon tayoyin, ina cizon bik ɗin rubutuna. Can sai abin ya faɗo mini. In injin hagu ya fi jinkirin juyawa, to a ba shi tayar da ta fi girma, kowane juyi ɗaya ya ci ƙasa da yawa. Ni na yi wannan tunanin, ba Baba ba. Ina so a rubuta a ajiye. Shi abin da ya ce kawai, "Gwada."

Na ƙara wa ta hagu naɗi ɗaya na robar moto, bai isa ba. Na ƙara biyu, ya yi yawa, ya koma dama. Sai na yi ɗaya na moto, ɗaya na keke, wanda ya fi sirantaka. Yamma huɗu ina wannan ciri da sakawa. Ran na huɗu robon ya miƙe sambal daga wannan kan ƙofar zuwa wancan, sau goma, ko gezau. Baba ya yi murmushi har haƙoransa suka fito, abin da na daɗe ban gani ba. Na ɗiga jan farce a kan ta hagu don kada a rikita, na kwana da su a ƙarƙashin matashina.

Ranar Alhamis, saura kwana tara gasa, na kai su lakwal ina jin kaina. Ashe ɗan Shef ma ya zo da nasa, alhali ba wanda ya sa shi. Na alminiyom ne, an feƙe su a injin babansa, an zagaye su da baƙin zoben roba, suna ƙyalli kana ganin fuskarka. 'Yan ƙananan azuzuwa suka taru a baranda suna "kai, kai, kai!" Ya kuma zo da ma'aunin babansa, na ƙarfe mai baki biyu da ke buɗewa yana rufewa, wanda mutanen atilye ba sa yarda da komai sai abin da ya faɗa. Ya ɗauki tayata da yatsu biyu, ya auna, ya ɗauki ɗayar ya auna.

"Mushe, zo ka gani. Ɗaya ta fi ɗaya da milimeta uku. Uku fa!"

Na ce, "Da gangan na yi."

Aka kwashe da dariya. Ya ce, "To, ai in abinci ya ƙone ma da gangan ne."

Mushe ya ɗaga hannu ya ce ba gardama, a gwada. Aka ja layi da alli a kan simintin baranda, daga ƙofar ajinmu zuwa bangon ƙarshe inda aka ajiye kwali. Aka fara da nawa. Robon ya tashi lafiya, bai yi mita ɗaya ba ya soma karkata dama, ya bar layin, ya je ya daki ginshiƙi. Aka kwance nawa aka ɗaura nasa. Ya miƙe a kan layin har bango kamar an ja shi da zare.

Na tsaya ina kallon simintin kamar wata sokuwa, sai idona ya faɗa kan wani farin tabo da ya gangara daga gindin bango zuwa bakin baranda. Na san tabon nan. A makarantarmu 'yan mata ke shara, maza su goge allo su ɗauki benci. Kullum da safe sai mun yayyafa ruwa kafin mu sa tsintsiya, kuma duk yarinyar da ta taɓa riƙe bokiti a barandar nan ta san ruwan ba ya tsayawa, gangarewa yake yi wajen fili, wato dama in ka juya wa ƙofar aji baya. Barandar a karkace take. Ragon inji na jan robon hagu, gangara na jan hancinsa dama, sai suka kashe juna, tayoyin ɗan Shef suka fito da farar fuska. Nawa kuwa da suka riga suka gyara injin, gangarar kaɗai ta rage musu.

Kofi ɗaya na ruwa ya isa ya wanke ni. Na buɗe baki na ce, "Mushe, barandar nan, in muna shara..."

Ɗan Shef ya tare ni. "Ana maganar milimeta tana maganar shara! Mushe, a bar ta mana, ranar gasa ta share mana katakon."

Yara suka bushe da dariya. Wannan bai dame ni ba, yara ne. Amma Mushe ya yi dariya. Ya sa hannu ya rufe baki, ya juya kai, amma na gani, kafaɗunsa ma sun motsa. Mutumin da nake ɗaukar masa kaye, littattafan rubutunmu, zuwa ofis, nake goge masa tebur ba a sa ni ba. Da ya gama ya gyara murya ya ce a kimiyya abin da aka auna aka kuma gwada shi ne gaskiya, ya ce na yi ƙoƙari, ya ce baɗi ma rana ce. Ɗan Shef da ƙawata za su tsaya.

Na rufe bakina. Na tsince tayoyina daga ƙasa, na kaɗe su, na sa a jaka. A zuciyata na ce, to, shi ke nan. Mai shara ta yi shiru, sai ku je ma'auni ya kai ku Yamai.

Ƙawata ta biyo ni har bakin ƙofar lakwal. Hausarta irin ta mutanensu ce, mace ma "kai" take ce mata. Ta ce, "Kai, me kake son faɗi a kan shara?"

"Ba komai."

"Ƙarya kake. Na ga fuskarka."

"Na ce ba komai. Ki je ki shirya kayan Yamai."

Ta sake tambayata ran Litinin, na sake ce mata ba komai. Lissafina a fili yake: in na gaya mata za ta gaya wa Mushe, Mushe zai karɓi tayoyina ya damƙa wa ɗan Shef, don ya riga ya kai sunaye, yaron nan ya hau silifan babana ya tafi Yamai, ni in tsaya ina ɗaga masa hannu. Ina! Gara kowa ya rasa.

A gida Baba ya yi mini tambaya uku. Tayoyin yaron daidai suke da juna? Na ce daidai. Sun canza injin hagu? Na ce a'a. Kin gaya musu? Na ce na fara suka yi mini dariya. Ya ce, "Ki sake gaya musu." Na ce to, Baba. Ban sake ba.

Kwana taran nan na ji daɗinsu, ba zan yi ƙarya ba. Kullum bayan an tashi sai in zauna a kan bulo a gindin bishiya ina cin gyaɗa, ina kallonsu suna atisaye. Kullum daga ƙofar aji zuwa bango, don can kwalin yake, in robon ya kai kuma sai su ɗauko shi da hannu kada batir ya ƙare. Da sau ɗaya tak sun juya shi ya dawo da ƙafarsa, da asiri ya tonu, don inji da gangara za su haɗu su ja shi gefe guda. Ranar Laraba Mushe ya ce bari a gwada daga can, sai ga direkta ya aiko kiransa. Na ce alhamdulillahi, na ƙara watsa gyaɗa a baki.

Ran Asabar da safe Baba ya rufe rumfarsa, ya sa rigar Juma'a, ya ce zai raka ni. Na sa tayoyina a jaka. In aka tambaye ni don me na ɗauke su, amsar ita ce don a roƙe ni. So nake in ji Mushe ya kira ni a gaban jama'a, in ga ɗan Shef ya matsa gefe.

Gidan matasa ya cika, iyaye, malamai, 'yan kabu-kabu ma sun leƙo ta taga. Shef kansa na layin gaba da babbar waya a hannu, yana jiran ɗaukar ɗansa. Mu muna can tsakiya a kan benci. Da na ga alƙalan gasar sun ɗora ma'aunin magina a kan katakon suna cusa kwali a ƙarƙashin bulo har ya daidaita, sai na san yau babu gangarar da za ta cece su. Robon wata makaranta ya tsaya cak a tsakiya ya ƙi motsi. Na wata ya haye, amma ya zubar da tsakuwar a gefen kwali. Ke nan duk wanda ya haye ya juye daidai ya ci, hannun ɗan Shef kuwa, in faɗi gaskiya, bai taɓa kuskuren juyi ba.

Aka kira mu. Da aka ɗora robon, tayoyin suka ɗauki hasken fitila, mutane suka tafa tun bai motsa ba. Ƙawata ta danna. Ya tashi. Na san inda zai fara, kamar ni na zana masa: taƙi huɗu lafiya, sannan hancin ya soma leƙa hagu, kaɗan, kaɗan, tayar hagu ta hau bakin katako, ta rataya a iska, sai ji kake ƙwaram! Tsakuwa ta watse har ƙarƙashin kujerar Shef.

Daɗi! Wani irin daɗi ya taso mini tun daga ciki har maƙogwaro, sai da na cusa bakin hijabina a baki don kada a ji. Shef ya sauke wayarsa. Ɗan nasa kuma, Allah mai iko, sai ya zaro ma'aunin nan daga aljihu ya durƙusa yana sake auna tayoyin, ɗaya bayan ɗaya, yana nuna wa Mushe cewa daidai suke. Ai kuwa daidai suke.

Alƙali ya ce minti biyar. Ƙawata ba ta kalli ma'auni ba, ta ɗaga kai tana bin benci da ido har ta same ni. Ta ratso mutane da gudu, ta durƙusa a gabana tana haki.

"Kai, ka san wani abu. Tayarka na nan? Don Allah, don Annabi."

Na ce, "Je ki tambayi ma'auni."

"Ni nake roƙonka, ba shi ba."

"In Mushe na so, ya san sunana."

A nan Baba ya miƙo hannu. Bai ma kalle ni ba, katakon yake kallo. Tafin hannunsa kawai ya buɗe a kan gwiwata, baƙin sholisho a duk layukansa. Minti biyu sun isa a kwance bis biyu a ɗaure biyu, ni da shi duk mun sani. Na rungume jakar da hannu biyu na danne ta a cikina. Hannun ya daɗe a buɗe. Ƙawata ta dubi hannun, ta dube ni, ta tashi ta koma. Da alƙali ya busa usur Baba ya naɗe yatsunsa ya mayar da hannun cikin riga.

Karo na biyu a daidai wurin robon ya faɗo, amma wannan karon a kan hannun juye gwangwaninsa ya sauka. Hannun ya karye, allon ya tsage biyu. Waɗanda suka zubar da tsakuwa a gefen kwali su aka ba Yamai. A hanyar gida Baba yana gaba ina baya, da muka isa ya cire rigar Juma'a ya koma rumfarsa.

Amma ni ban gama ba. Faɗuwa kaɗai ba ta ishe ni ba, so nake su san dalili, su kuma san a bakin wa dalilin yake. Ran Litinin ni ke da shara. Na cika bokiti na ajiye, na ƙi farawa sai da na ga Mushe ya taho, ɗan Shef na bayansa da fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Layin allinsu na nan a simintin. Na ce, "Mushe, minti ɗaya." Na ɗaga bokitin na sheƙa shi gaba ɗaya a gindin bango. Ruwan ya kwanta, ya tsallake layin, ya gangara dama ya zuba a fili.

Na ce, "Barandar a karkace take. Injin hagu rago ne. Ita ke ɓoye shi. Shi ya sa tawa ta hagu ta fi girma. Ga maganar sharar da na so in yi."

Mushe ya daɗe yana kallon ruwan da ya jiƙa masa takalmi, sannan ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka yi dariya, Mushe."

Kwana goma sha ɗaya ina feƙe wannan amsar, ta kuma shiga yadda nake so, don sai da ya sunkuyar da kai. Sai na ji murya a bayana. Ƙawata ce a ƙofar aji, jakarta a kafaɗa, ashe tun ɗazu tana nan.

"Ni ban yi dariya ba," ta ce. Ta shige aji, ta ɗauke kayanta daga bencinmu ta koma layin baya. Har muka gama lise gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Duk da haka da aka tashi rumfar Baba na nufa, don ina ganin shi dai zai fahimta, tare muka yi wahalar. Na same shi ya tsoma robar taya a cikin baho yana juyawa, yana neman inda kumfa zai fito. Na tsaya a kansa na zazzage masa labari, bokiti, ruwa, takalmin Mushe, bakin ɗan Shef, har da kwaikwayo. Bai ɗago ba sai da na gama.

Ya ce, "Akwai wani Ba'adare da muka yi aiki tare a rami. Shekara biyu ba ma gaisawa, ya ci mutuncina, na ci nasa. Amma kullum in na shiga gaba shi ke bayana da sanda, ban taɓa waiwayawa ba ko sau ɗaya, don na san in ya ji dutse ya saki a kaina zai yi ihu." Ya ga kumfar, ya danne wurin da yatsa, ya ciro robar daga ruwa. "Da ke ce a bayana, 'yata, da ban shiga ba."

Ya ɗauki alli ya zagaye hujin, ya ce in miƙo masa sholisho. Na miƙa.

Tayoyin suna nan cikin akwatina, jan farcen bai goge ba. In na tuna ƙarar faɗuwar nan, har yau sai in ji wani abu mai daɗi ya motsa a cikina, ban kuma sami yadda zan kashe shi ba. Amma ba ita kaɗai nake tunawa ba. Da yammar ranar, ina wanke-wanke a tsakar gida, na ji guduma. Baba ne a bakin ɗakinmu, yana buga ƙusoshin ƙofar da ya bari sako-sako saboda ni. Ya buga su har ƙasa, ya lanƙwasa kawunansu.